Matakan Hana Ruwan Shan Dawaki Daskarewa a Barga Lokacin Tsananin Sanyi

A Kanada, da jihohin arewacin Amurka irin su Minnesota da Montana, da Jamus, Polan, Suwidin da Rasha, akan yi makonni ma'aunin zafi bai hau sama da sifili ba. Bokitin da aka cika wa doki da magariba, kafin asuba ya yi ɓawon ƙanƙara mai kaurin yatsa biyu, wani lokacin ma ya dunƙule gaba ɗaya sai an kife shi an bubbuga da ƙafa. Wanda ya saba da dawakin Kano ko Katsina ko Damagaram, inda iyakar hunturu ya busar da leɓe ya faso ƙafa, idan aiki ko karatu ya kai shi bargar irin waɗannan ƙasashe, dokin zai fara ji wa tausayin sanyi. Dokin kuwa ko a jikinsa. Muddin yana da lafiya, gashin sanyinsa ya fito, yana da inda zai fake wa iska da jiƙewa, ga ingirici a gabansa, zai tsaya cikin dusar ƙanƙara yana tauna hankali kwance. Wurin ruwa ne ake samun matsala.

Ɗanyar ciyawar da yake kiwo lokacin ɗumi, kashi 60 zuwa 80 cikin 100 nata ruwa ne, yana ci yana sha ke nan. Da sanyi ya shigo sai a koma da shi kan ingirici, wanda ruwan cikinsa da ƙyar yake kai kashi 15. Ga busasshen abinci, ga shi yana ƙara ci don ya ɗumama jikinsa, ga ruwan ya yi sanyin da ba ya marmarinsa ko ma ya rufe. Abincin sai ya cushe a babban hanji, galibi a wata kwana da hanjin ke lanƙwashewa ya tsuke, ciki ya ƙulle. Doki kuma ba ya amai. Wannan ƙullewar ciki tana cikin abubuwan da suka fi fitar da likitocin dabbobi cikin dare a watannin sanyi. Don haka duk abin da za a faɗa a ƙasa, mizaninsa ɗaya ne: lita nawa ta shiga cikin dokin yau.

Mataki na 1: Ka san abin da dokinka ke sha tun kafin sanyi ya kankama

Doki mai nauyin kilo 500 da ba ya aiki mai tsanani yakan sha lita 25 zuwa 45 a yini. Tazarar tana da faɗi, kuma kowane doki da halinsa. Goɗiya mai shayarwa tana wuce haka nesa ba kusa ba. Ka sami fenti ko alƙalamin da ba ya gogewa, ka yi wa cikin bokiti layi a kan kowace lita 5. Bokitin barga na Amurka galan 5 ne, wato kusan lita 19, ɗaya ba ya kai doki safiya, biyu ake rataya masa. Ka yi mako guda a watan Oktoba kana rubuta abin da ya sha safe da yamma a allon da ke ƙofar ɗakinsa. Wannan lissafi shi zai gaya maka a Janairu cewa wani abu ya sauya, tun dokin bai nuna a jikinsa ba.

A 1994, Michaela Kristula da Sue McDonnell na Jami'ar Pennsylvania sun wallafa wani bincike da suka yi kan ƙananan dawakai irin ƙuru a lokacin sanyi. Da aka ba su ruwan ɗumi, sun sha kimanin kashi 40 cikin 100 fiye da yadda suka sha da aka ba su ruwan da ke dab da daskarewa. An kuma lura da wani abin mamaki: idan aka ajiye musu duka biyun, na sanyin suke zaɓa, su sha kaɗan su bari. Ke nan idan ka ɗumama bokiti ɗaya ka bar ɗaya da ƙanƙara a gefensa, wahalar banza ka yi. Abin da ake so shi ne ruwa mai zafin digiri 7 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyos. In a Amurka kake, ma'auninsu daban ne, ruwa a 32 yake daskarewa, abin da kake nema kuma 45 zuwa 65 ne.

Mataki na 2: Ka zagaya bargar da hanyoyin ruwanta

Ka sayi ƙaramin ma'aunin zafi mai riƙe mafi ƙarancin abin da dare ya kai. Ka kwana da shi a ɗakuna daban-daban, a daidai tsayin bokiti. Za ka tarar ɗakin da ke bakin ƙofa ko jikin bangon arewa ya fi na tsakiya sanyi da 'yan digirori, kuma waɗannan 'yan digirorin su ne tsakanin ruwa da ƙanƙara. Ka ɗauke bokiti daga jikin bangon waje da ƙarƙashin taga, ka mai da shi bangon ciki. Kada ya zauna kan siminti tsirara, siminti yana zuƙe ɗumi ta ƙasa. A rataye shi, ko a sa masa katako ko tabarmar roba a gindi.

Baƙo a wannan aiki yakan ga mafita ita ce a toshe kowace kafa a barga don ɗumin jikin dawakan ya taru. Gyaran gangar Auzinawa ne. Ruwan ba zai daskare ba, amma warin fitsari da ƙurar ingirici da laima za su taru, dawakan su fara tari, mai ciwon numfashi kuma ya tsananta. A toshe iskar da ke bugun bokiti kai tsaye, a bar kafofin sama a buɗe. Idan ka shiga da safe wari ya sa idonka hawaye, ko ka ga rufi yana ɗiga, ka rufe da yawa.

Sai bututu. Ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, shi ya sa yake fasa fayif, ko da na ƙarfe ne. Maganin asali shi ne a binne shi ƙasa da inda sanyi ke ratsawa. A Ingila doka ta ce kada zurfin ya gaza santimita 75. A Minnesota ƙa'idar gini tana ɗaukar cewa sanyi na iya ratsa ƙasa inci 42 a kudancin jihar, inci 60 a arewa, wato mita 1.5, bututun ruwa kuwa ƙasa da haka ake kai shi. Duk inda fayif ya fito fili, a sa masa rigar soso, a rufe da katako ko kwano a inda haƙorin doki zai kai.

A gonakin Arewacin Amurka za ka ga wani famfo mai dogon wuya da hannun ɗagawa a ka. Ainihin makullinsa yana can ƙarƙashin ƙasa inda sanyi ba ya kaiwa, kuma da an kashe shi, ruwan da ya rage a wuyan yana tsiyayewa ta wata 'yar kafa zuwa cikin tsakuwa. Abu biyu ke kashe shi. Na farko, barin tiyo a bakinsa bayan an gama, domin iska ba ta samun shiga, ruwan ya tsaya a wuya ya daskare. Na biyu, buɗe shi rabi da rabi. A buɗe shi duka, a rufe shi duka. Tiyon kuma a cire, a ɗaga shi daga wannan baki zuwa wancan har ya tsiyaye, a kai shi ɗaki mai ɗumi. Tiyon da ya kwana da ruwa, washegari sanda ne.

Idan fayif ya riga ya daskare, ka buɗe famfon, ka fara ɗumamawa daga bakinsa kana komawa baya, da na'urar busar da gashi ko tsumma da ruwan zafi. Ban da wuta mai harshe. A wurin da ciyawa da ƙura da yanar gizo-gizo suka cika, minti ɗaya ya isa.

Mataki na 3: Ka tufatar da mazubin ruwan

Wannan shi ne aikin da ba ya cin ko sisi na kuɗin wuta, kuma ko kana da hita ya kamata ka yi shi. Ka tuna dai rufi ba ya haifar da zafi, jinkirta tafiyarsa yake yi. A daren da sanyi ya tsaya a digiri 3 ko 5 ƙasa da sifili, zai kai ka safiya. A daren 20 ƙasa da sifili, 'yan awoyi kawai zai ƙara maka.

Ka fara da bokitin kansa. Na ƙarfe ya fi saurin sakin zafi. Na busasshiyar roba yana tsagewa idan ka buga shi cikin sanyi. Baƙin bokiti na roba mai lanƙwasuwa, irin wadda ta yi kama da ta taya, shi ne na wannan yanayi: ka kife ka taka gindinsa, ƙanƙarar ta faɗo dunƙule.

Ka saka bokitin shan cikin wani wanda ya fi shi girma, ka cusa karan alkama ko garin katako ko soso a tsakani, har ƙarƙashi. Sharaɗin shi ne cushen ya zauna a bushe, don da ya jiƙe ya daina aiki. Ka yanka zoben katako ko roba ka rufe tazarar ta sama, saboda ruwa kada ya shiga, kuma kada dokin ya zaro sosonsa ya ci. Ga wanda ke ajiye ruwa a ƙasa, tsofaffin tayoyi biyu da aka ɗora kan juna aka cusa musu ciyawa, bokiti a tsakiya, suna yin wannan aiki, kuma doki ba ya iya kifar da su. A duba tayar kada waya ta leƙo.

Kwamin da ke fili, inda dawaki ke wuni, ya fi buƙatar kulawa. Babba ya fi ƙarami daɗewa, cikakke kuma ya fi rabi, saboda haka a cika shi da yamma. A ajiye shi inda rana ke bugawa, wato ɓangaren kudu na gini a waɗannan ƙasashe, a bayan abin da zai tare iska. A yi masa akwatin katako mai allon soso a ciki. Mafi yawan zafin ta saman ruwan yake fita, don haka murfi ya fi komai: a rufe kashi biyu cikin uku da katako mai soso a ƙasansa, a ɗaure shi tam, a bar ƙofar da kan doki zai shiga ba takura. Wasu manoma kan tara ɗanyen kashin doki da tsohuwar shimfiɗa kewaye da akwatin, domin taki yana fitar da zafi lokacin da yake ruɓewa. Yana taimakawa, in dai ba zai zubo cikin ruwan ba.

Akwai dabaru biyu da ake ta yaɗawa a intanet, kuma a ganina an zuzuta su fiye da kima. Ɗaya ita ce jefa ƙwallo a kwami don ta riƙa motsa ruwa. In akwai iska kuma sanyin bai yi tsanani ba, tana ɗan jinkirta ɓawon. A daren da iska ta kwanta, da safe za ka same ta a maƙale cikin ƙanƙara. Ɗayar ita ce gorar roba da aka cika da ruwan gishiri. Gaskiya ne ruwan da ya ƙoshi da gishiri ba ya daskarewa sai wajen digiri 21 ƙasa da sifili, amma abin da ke cikin gorar kaɗai ke nan. Ba ta da zafin da za ta ba ruwan da ke kewaye da ita. Iyakar amfaninta, doki mai wayo ya danna ta da hanci ya fasa siririn ɓawo.

Abin da ba a yi ko kusa: zuba ruwan hana daskarewa na lagireton mota. Guba ne mai lalata ƙoda, ga shi da zaƙi, karnuka da kyanwoyin barga ma suna lasa. Haka nan ba a zuba gishiri cikin ruwan sha don kada ya daskare. Kafin ya kai yawan da zai yi tasiri, ruwan ya fi ƙarfin sha.

Mataki na 4: Fasa, kwashe, sannan ka zuba na zafi

Tsarin yana da muhimmanci. Mutane da yawa suna fasa ƙanƙara da guduma su bar gutsattsarin suna yawo a ciki, kafin awa guda sun sake haɗewa, kaurin ma ya fi na da. Wasu kuma su kwarara ruwan zafi a kai. Zafin da kilo ɗaya na ƙanƙara ke sha kafin ya narke daidai yake da wanda zai ɗaga lita ɗaya ta ruwa daga sifili zuwa digiri 80. Butarka ta ƙare ke nan a narkar da ƙanƙara, ruwan bai ko fara ɗumi ba. Ka ajiye rariya ko kwandon ƙarfe a jikin kwami, ka kwashe kowane gutsure, ka zubar nesa da inda dawaki ke tsayawa. Ruwan da ya fantsama a gaban kwami kan zama gilashi, a yayyafa masa yashi ko tsohuwar shimfiɗa, domin dokin da ya taɓa zamewa a wurin zai riƙa jan ƙafa kafin ya koma.

Lissafin haɗin ba wuya. Lita 15 mai digiri 2, ka zuba mata lita 5 mai digiri 60, za ka sami lita 20 mai digiri 16 da rabi. Ka motsa, don na zafin yana tsayawa a sama inda leɓen dokin zai fara taɓawa, sannan ka gwada da bayan hannu. In barga ba ta da tukunyar ruwan zafi, jarka biyu daga gida cikin baro, an lulluɓe su da tsohon bargon doki, sun isa dawaki uku ko huɗu.

Ka haɗa wannan aiki da lokacin abinci. Doki ya fi sha cikin awoyi ukun da ke bin ci, don haka ruwan ɗumi ya riga ingirici isa ɗaki, safe da yamma. A daren da aka yi hasashen sanyi mai tsanani, ka ƙara zagaye ɗaya kafin ka kwanta.

Mataki na 5: Wutar lantarki, da sharuɗɗanta

Inda ake wata uku cikin ƙanƙara, ɗaukar jarka ba zai ɗore ba, dole a koma ga hita. Akwai bokiti mai hita a ɓoye cikin gindinsa, yana cin wat 120 zuwa 130, da 'yar na'urar da ke kunna shi idan ruwa ya kusa daskarewa ta kashe idan ya yi ɗumi. Akwai kuma hitar kwami, daga wat 250 zuwa 1,500, iri uku: mai yawo a sama, mai nutsewa, da wadda ake ɗaurawa a kafar zubar da ruwa ta gindin kwami. Ta ukun na fi so, saboda wayarta tana waje ta baya, ba abin da doki zai gani ya ja. Mai yawo a sama abin wasa ce ga dukushi, zai cafke ta ya jefar waje. Kwamin roba kuma sai da hita mai kejin ƙarfe, in ba haka ba ta narkar da shi. Kada ruwa ya taɓa sauka har hita ta fito fili.

Kuɗin ba kaɗan ba ne. Hita mai wat 1,500 da ta yi aiki awa 8 a yini ta ci yunit 12, a wata 360. Akwati da murfin da aka ambata a sama su ne ke ba ka damar sayen ƙarama.

Kowace hita dole ta bi ta makarin da ke yanke wuta da zarar ta fara zurara, wanda ake kira GFCI a Amurka da Kanada, RCD a Ingila. Yana da maɓallin gwaji, ka danna shi kowane wata. Idan ya riƙa yankewa, magana yake yi maka: wani wuri ruwa ya shiga ko waya ta tsage. Wanda ya gaji ya cire shi ya jona kai tsaye, ran doki ya sa a caca. Soket ya kasance a wajen ɗaki, wayar ta bi ta bango ko cikin bututun ƙarfe. Wayar jone-jone ta cikin gida ba ta barga ba ce, kuma a nan araha ba ta ado, ka kira mai aikin wuta ya kafa soket a inda ake buƙata. Gobarar barga ta fi yawa a watannin sanyi, kayan ɗumama da wayoyi marasa kyau suna kan gaba cikin sanadinta. A Jamus da maƙwabtanta an fi son tsarin volt 24, taransifoma tana can nesa da dabbobi, ƙaramar wuta ce kawai ke isa mazubin. In kana da zaɓi, shi ne mafi kwanciyar hankali.

Akwai wata matsala mai ɓoyewa. Hita na iya zurarar da wutar da ba ta kai ta tayar da makari ba, kai kuma da takalmin roba ba za ka ji komai ba. Doki yana tsaye da ƙafa huɗu kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, sau da yawa da takalmin ƙarfe, ga ɗanyen leɓe. Ka lura da shi: ya zo bakin kwami, ya miƙa wuya daga nesa, ya hura hanci, leɓe ya taɓa ruwa ya fizge kai, ya ja da baya, ya tsaya yana kallo, can ya sake dawowa. Ruwa garau, ba ƙanƙara, kwami a cike kwana biyu, mai barga yana murna hitarsa tana aiki. Ka zare filogi, ka kawo ruwa a wani bokiti daban. In ya kafa kai ya sha, ka sami amsarka. Mai aikin wuta zai tabbatar da mita, baki ɗaya cikin ruwa, ɗaya a jikin sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa. Kada ka gwada da hannunka alhali wuta na kunne. Ko bayan an gyara, wasu dawakan sukan yi kwanaki suna tsoron wurin, sai an matsar da kwamin.

Duk hitar da ta yi rani a sito, ka duba wayarta inci-inci don cizon ɓera, ka gwada ta cikin bokitin ruwa da ƙanƙara tun Oktoba. Daren farko na tsananin sanyi, hita ƙarewa take yi a shagunan kayan gona.

Mataki na 6: In mashayar mai cika kanta ce

Wasu suna da hita a ciki, wasu suna kan zoben bututu da famfo ke zagaya ruwan ɗumi cikinsa dare da rana, wasu kuma ba sa buƙatar wuta, doki ya danna ruwa ya taso daga ƙarƙashin ƙasa, ya saki sauran ya koma. Aibinsu ɗaya ne, ba ka ganin abin da aka sha. Ka danna kowace da hannu safe da yamma ka ga ruwa ya zo, in da hali a sa mata mita. Dokin da bai saba da ita ba, a bar masa bokiti har sai ka gan shi da idonka yana sha.

Mataki na 7: Ka sa masa ƙishirwa, ka kuma shayar da shi ta abinci

Doki yana buƙatar gishiri giram 30 zuwa 50 a yini, kusan cokali biyu na cin abinci. Dutsen gishirin da ke rataye a bango, da sanyi ba kowane doki ke son ɗora harshe a kansa ba, gara a barbaɗa a abinci, rabi da safe rabi da yamma. Sharaɗi: ruwa ya kasance a buɗe kullum.

Mutanenmu da ke dama wa doki dusa da 'yar kanwa sun riga sun san dabara ta biyu. Ka jiƙa abincin da ya saba ci da ruwan ɗumi har ya yi ruwa-ruwa, ko dunƙulen ciyawar nan da ake sayarwa a buhu, lita 4 ko 5 sun shige shi bai sani ba. Abincin da ya saba nake cewa, don sauya wa doki abinci farat ɗaya shi ma yana jawo ciwon ciki. A ba shi iya abin da zai cinye kafin ya daskare. Tsohon doki mai matsalar haƙori shi ya fi kowa gudun ruwan sanyi, shi za a fara yi wa wannan.

Dusar ƙanƙara ba ta maye gurbin ruwa. Lita 10 ta sabuwar dusar ƙanƙara, in ta narke, wajen lita 1 take bayarwa, ka ga mai neman lita 30 sai ya haɗiye 300, kuma da zafin jikinsa zai narkar da ita. Dawakin Yakutiya a Saiberiya da na Mongoliya suna rayuwa a haka, amma su a sake suke, suna tonon ciyawa daga ƙarƙashin dusar suna cin su tare, kuma tun kaka da kakanni haka jikinsu ya ginu. Dokin da ke ɗaki kan ingirici ba ya cikin wannan lissafi.

Mataki na 8: Ka karanta kashinsa

Mai share ɗaki shi ke fara ganin labari. Lafiyayyen doki yana kashi sau 8 zuwa 12 a yini, dunƙule mai ɗanshi da ke fashewa in ya faɗi. In tarin ya ragu, dunƙulen suka ƙanƙance, suka bushe suka yi tauri, ko ka ga wata majina a jikinsu, ruwa ya yi ƙaranci. Ka ɗaga leɓensa na sama, dasashi ya kamata ya kasance da santsi, in ka danna da yatsa launin ya dawo cikin daƙiƙa 2. Ka tsunkuli fatar wuya kusa da kafaɗa, ta koma nan take. A tsohon doki wannan gwaji ba abin dogaro ba ne sosai, fatarsa dama ta saki.

In ya bar ingiricinsa, yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa, ya kwanta ya tashi, yana neman birgima, ka kwashe abinci, ka bar ruwa, ka kira likita a lokacin. Kada ka yi masa ɗure da gora, ruwan na iya bin hanyar huhu. Likita ta bututun hanci yake kai ruwa ciki, ko ta jijiya.

Mataki na 9: Ranar da wuta ta ɗauke

Guguwar da ke kawo mafi munin sanyi ita ce kuma ke kayar da turakun wuta. A Fabrairun 2021, miliyoyin gidaje a jihar Texas sun yi kwanaki cikin duhu da ƙanƙara, bututu suka yi ta fashewa, a yankin da mutane da yawa ba su taɓa tunanin binne fayif da zurfi ba. Gona mai rijiyar burtsatse kuwa asara biyu take yi lokaci guda, hita ta mutu, injin jan ruwa ma ya tsaya.

Ka tanadi ruwan kwana uku: lita 30 sau yawan dawaki sau 3. Dawaki huɗu, lita 360 ke nan, jarka 15 masu lita 25. Ka ajiye su a cikin gida ko ɗakin da ba ya daskarewa, kada ka cika su har baki. Ka sami murhun gas da babbar tukunya, a dafa a waje, nesa da ciyawa. Janareta ma a waje yake zama, hayaƙinsa yana kashe mutum da doki ba tare da sun ji wari ba. In ka ga wutar za ta daɗe, ka rufe babban makullin ruwan barga, ka buɗe kowane famfo bututun su tsiyaye, ka koma kan bokitin roba da rariya da jarka.

Idan wuta ta dawo, ka duba makarin kowane soket, wasu sai an sake danna su. Ka buɗe babban makullin a hankali, ka bi bututun daga farko zuwa ƙarshe kana dubawa kana saurare, domin fayif ɗin da ya fashe ba ya yoyo sai ƙanƙarar cikinsa ta narke, wani lokacin sai bayan kwana ɗaya ko biyu.